Ranar Da Na Yi Wa Motar Baba Ƙazafi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ba, a ƙofar gidanmu a nan Daura, da na tsaya gaban limamin unguwa na yi wa wata baiwar Allah ƙazafi, ita kuwa ba ta da bakin kare kanta. Kafin ku zare ido, mota ce. Amma fa ba kowace mota ba.

Fijo ce fara, ta marigayi Baba, wadda ya saya tun ina yawo ba wando. Da aka raba gado ta faɗo a rabona. Jama'a, an yi mota a wurin nan. In ka rufe ƙofarta wani sauti take yi mai nauyi, kamar basarake ya yi gyaran murya. Kujerunta, in ka zauna da ciwon baya, kafin ka sauka ka manta a wane gefe yake. Injinta ba ya ƙara, numfashi yake yi. Na sha zuwa Mashi da ita da damina, hanya ta zama kunu, in wuce motocin zamani sun kafe, masu su sun naɗe wando suna turi, ni kuwa ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. (Matata ta ce in ina zancen motar nan har muryata canzawa take yi, irin muryar da rabonta da ji tun ina zuwa zance gidansu.)

To sai babban ɗana ya tashi aure, gida kuma babu sauran fili sai garejin da motar ke kwana. Yaya Rabi ta zo ta yanke hukunci. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, har yau da furfurata da tumbina Auta take ce min.

"Auta, a sayar da tsohuwar nan a yi wa yaro ɗaki. Mota ba ta haihuwa."

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ai ƙarfe ne kawai."

Wallahi ina faɗa ina jin kamar na zagi Baba. Amma ni dai tun da nake ban taɓa ce wa Yaya Rabi a'a ba, ban ma san ta inda ake farawa ba.

Sai dabara ta zo min. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ko'ina ka juya wa'azi ake a kan ciniki: a cika mudu, kuma mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Na ce yauwa. Duk wanda ya zo saye zan bayyana masa aibi har ya gudu da ƙafarsa, in koma in ce wa Yaya kasuwa ce ta ƙi. Matsala ɗaya ce, motar ba ta da aibi. Amma wannan ƙaramin abu ne a wurin mutum irina, da abokai ke cewa in na ba da labari sai an zubar da rabi a tankaɗe sauran.

Mai sayen da ya zo wani dattijo ne, Alhaji Ila, mai fataucin shanu ta Kongolam. Na fito da motar, ina sanye da babbar rigata fara. An idar da la'asar ke nan, don haka Liman da mutanen unguwa suka zauna a benci suna kallo. Yaya Rabi kuma tana zaure, bayan labule, kunnenta a waje.

Alhaji Ila ya zagaya ta a hankali, ya shafa gefenta yadda ake shafa tozon bijimi. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe don kawai ya ji sautin. Ya ce, "Masha Allah. Irinta na yi sha'awa ina saurayi, Allah bai ba ni ba. Wannan ai ta zuwa Juma'a ce."

Na ga dabarata na neman lalacewa. Mutumin ya san abin kirki.

Na gyara tsayuwa na ce, "Alhaji, ni ba zan ci haram ba. Tunda ga Liman, bari in faɗa maka gaskiya. Birkinta, in kana so ka tsaya a nan, tun daga rijiyar Kusugu za ka fara taka shi."

Liman ya ɗaga kai ya ce, "Allahu akbar. Kun ji ciniki irin na magabata."

Ai kuwa kamar ya zuba min fetur. Na ce mai take sha kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Na ce lagiretonta tafasa yake yi har ana iya dafa ƙwai. Na ce giyar baya sai ranar da ta ga dama, sitiyarin kuma in ka murɗa dama sai ya tsaya ya yi shawara tukuna. Liman sai gyaɗa kai yake, har ya juya ga mutane ya ce in Allah ya kai mu zai kawo misalina a karatun magariba. Ni kuma, da na ji za a sa ni a wa'azi, na ƙara da cewa ƙasanta duk tsatsa ta cinye, kana tuƙi kana ganin kwalta.

Fuskar Alhaji Ila ta sauya. Na ce a raina, shi ke nan, an rabu lafiya.

Can ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Ka fid da ni, da na ɗauki rayukan iyalina na zuba a ciki. Wannan ba ta hawuwa kuma. Amma ba zan bar mai gaskiya da kaya a hannu ba, zan saya. Yanka ta za a yi."

Na ce, "Na'am?"

"Injin akwai mai niƙa da ke nema. Kujerun in ba mai shayin bakin iyaka, mutane su riƙa zama. Bayan nan kuwa in an datse shi, amalanken shanu zai yi mai kyau, a kai taki gona. Sauran na 'yan gwangwan ne."

Daga bayan labule na ji muryar Yaya Rabi: "Auta, sallama masa."

Bawan Allah nan bai tsaya nan ba. Ya sunkuya wajen murhun mai ƙosai ya ɗauko gawayi, ya zo ya ja baƙin layi a jikin farin fentin, daga rufi har ƙasa, yana cewa, "Ta nan za a sa zarto."

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. (Mai tumbi irina, waɗanda suka gani sun ce ƙasa ta girgiza.) Na shiga tsakaninsa da motar, na kama hannun babbar rigata ina goge gawayin, ina cewa, "Ƙarya nake yi. Alhaji, wallahi ƙarya nake yi."

Liman ya cire tabarau ya ce, "Wanne daga ciki?"

"Duka, Allah gafarta Malam."

"Har birkin?"

"Birkin nan ko ƙuda ya gifta sai ta tsaya."

Daga nan kuma bakina ya ƙi rufuwa. Na koma maroƙi, ina yi mata kirari, ina ba da labarin hanyar Mashi, na durƙusa ina ƙwanƙwasa ƙasanta don a ji babu tsatsa, hula ta faɗi, riga ta yi baƙi ƙirin. Mutanen benci suka fashe. Wani maƙwabcina ya ce a gode Allah mota ba ta kai ƙara, da yau bulala tamanin ta hau bayan wani. Liman bai yi dariya ba, wanda ya fi komai ciwo. Ya ce kawai, "To, karatun magariba dai yana nan, sai dai babin ya canza."

Alhaji Ila ya jefar da gawayin, ya karkaɗe hannu yana murmushi. Har yau ban sani ba ko da gaske yanka ta zai yi ko ya gano ni ne tun farko. Abin da ya ce kawai shi ne, "Riƙe abarka, Malam. Wanda ke goge mota da rigarsa ba mai sayarwa ba ne."

Saura Yaya Rabi. Na shiga zaure kaina a ƙasa kamar wanda ya fasa tulu.

"Auta, bakinka ciwo yake yi da ba za ka ce min ba ka so ba? Ka tara min unguwa kana zabga ƙarya a gaban Liman?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba:

"Motar ta zauna. Ni ma a cikinta aka kai ni ɗaki, kana tsammanin daɗi nake ji? Amma yaro sai ya yi aure. Sashenka za a gyara masa."

Haka aka yi. Falona da ɗakina suka koma na ango da amarya, ni kuma aka kwaso kujerata da rediyona aka kawo gareji, kusa da mutuniyar. A nan nake karɓar baƙi har yau, kuma ban yi nadama ba, don in zafi ya yi yawa kujerar baya ta fi kowace katifa.

Abin da na koya shi ne, in kana son abu, buɗe baki ka ce kana so. A'a ɗaya da na kasa ce wa Yaya a cikin gida, sai da na biya ta da falo, da riga, da karatun magariba guda, wanda na saurara daga sahun ƙarshe.