Ranar da Na Rufe Rauta a Cikin Kwallar Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar Hauwa ba, kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗi gaskiya: ni ne mai laifi. Ba matata ba ce, ba kamfanin waya ba ne, ba kuma matan unguwar surukaina ba. Ni ne, da girman kaina da ɗan guntun sanin da nake taƙama da shi.

Ni mutumin Birnin Kudu ne, ina da ɗan shagon taki da iri da maganin feshi. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar aka rabu lafiya. Amma saboda na iya gyara wa dattawan layinmu agogon waya, in goge musu hotunan da suka cika ta, sai suka fara ce mini Injiniya. Su da wasa suke yi. Ni ne daga baya na daina ɗaukarsa wasa.

Matata Rabi 'yar Gwaram ce. Ƙanwarta Hauwa, wato autar mahaifiyarsu Inna, aure ya kai ta Fatakwal, inda mijinta Sani yake tuƙa tankar mai. Kowa ya san haihuwar fari a gida ake yin ta, uwa ta tsaya a kan ruwan wanka, ta dama kunun kanwa da hannunta. To, Hauwa ba ta samu haka ba. Tiyata aka yi mata, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ita kuma Inna ciwon gwiwa ya zaunar da ita, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda. Rabi ta gaya mini tun cikin yana wata bakwai Inna ta sa aka sayo mata gero da kanwa da kayan yaji ta ajiye. Da aka ce Hauwa ba za ta zo ba, sai Inna ta tura buhun ƙarƙashin gado.

Shi ne Sani ya aiko da rauta a motar haya. (Ga wanda bai san ta ba, wani ɗan farin akwati ne mai ƙahonni biyu, ana sa masa layin waya, ya jawo sabis ya raba wa wayoyin gida ba tare da igiya ba.) Dole ce ta sa, domin gidan su Rabi tsohon ginin ƙasa ne mai kaurin bango, sabis a ƙofar gida yake tsayawa. Sani ya ce ranar suna da ƙarfe goma sha ɗaya zai yi kiran bidiyo, Inna ta ga jikarta. Ya kuma ja mana kunne cewa bayan azahar zai tashi da mota, sai bayan mako uku zai dawo, ga shi wayar Hauwa 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta hoto. Idan aka rasa wannan kiran, sai Inna ta yi ta jira.

Da aka tambayi wanda zai haɗa, ban bari an gama tambayar ba. Na ce, "Haba, ina raye za a nemo wani?"

Ana gobe suna muka hau babur ni da Rabi, muka tafi Gwaram. A tsakar gida na kifa turmi na ɗora rautar a kai. Na sa layi, na kunna, na juya ta na karanta lambobin da ke gindinta, na haɗa ta da wayar Rabi. Na canza lambar sirri na sa wata doguwa wadda ni kaina sai da na rubuta a bayan kwalin ashana. Fitilu huɗu suka kama, duk kore shar. Gaskiya a wannan ranar na yi aiki mai kyau, kada a hana ni wannan.

Iya, kakar Rabi, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Tsohuwar nan tun ranar da na fara zuwa zance ba ta taɓa raga mini ba. Ta ce, "Kai mai taki, wannan ɗan maraƙin da ka ɗora a turmina, ciyawa yake ci ko dusa?"

Na ce, "Data yake ci, Iya."

Ta ce, "To Allah ya sa ya fi ka amfani."

Muna shirin tafiya Rabi ta jawo ni gefe. Ta ce, "Baban Walida, gobe idan za a shigar da ita ɗakin Inna, a sa ta jikin 'yar tagar nan ta sama. Tun muna 'yan mata nan muke ɗora waya in muna jiran kira. Duk gidan nan, nan kaɗai yake kamawa."

Na yi dariya irin ta wanda ya sani. Na ce, "Ke Rabi, wannan ba wayarku ta 'yan mata ba ce. Ki bar wa masu aikin aikinsu." (Har yau idan na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shiga buhun taki in ɗaure bakin.)

Washegari muka dawo da hantsi. Ko da yake mai jego ba ta nan, gida ya cika da mata 'yan barka, an dafa shinkafa, an soya waina. Ina shiga na lura kusan kowace mace da waya a hannu. Nan take na tuna wata hira da aka yi a majalisarmu, wai maƙwabta suna iya zuƙe wa mutum waifai, wato sabis ɗin da rauta take rabawa, ta bayan katanga. Ban tsaya na tuna cewa ni da hannuna na sa lambar sirri ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne turaren wuta: idan kana so ƙanshi ya zauna a ɗaki, rufe shi ake yi. Na ce a raina, ai waifai ma haka ne.

Shekarata tara da auren Rabi, ban taɓa wuce dokin ƙofar Inna ba. A bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe ta, kaina a ƙasa, ita ma ta amsa tana kallon bango. Amma ran nan da na ga an raka ta alwala, sai na ɗauko rautar daga kan turmi na faɗa ɗakin da sauri kamar ɓarawo. A saman kabet na hango wata babbar kwalla mai murfi, ta kayan aurenta, ƙarfe mai nauyi irin na da. Na kwantar da ƙahonnin rautar, na shimfiɗa mata ɗankwali, na zura ta ciki, na rufe. Don ƙarin tsaro na ɗora samira biyu a kan murfin. Na fito ina jin daɗin kaina, ba wanda ya gan ni.

Sha ɗaya saura Inna ta zauna a bakin gado. Ta sa sabuwar atamfa, ta sa tabarau, har da turare, kamar jaririyar za ta ji ƙanshin. Rabi ta zauna kusa da ita riƙe da waya, mata suka cika ɗakin, ni kuma na durƙusa a wurina na kullum.

Sha ɗaya ta yi. Shiru. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar wayar.

Na fita ƙofar gida, sai ga kiran Sani ya shigo wayata. Ya ce, "Yaya, muna ta kira fa, ba ya shiga." Na ce ya ƙara haƙuri, 'yar matsala ce daga kamfani. Na dawo na karɓi wayar Rabi, na kashe na kunna. Na cire layi na hura masa iska na mayar. Na ɗaga ta sama, na juya ta gabas. Sha biyu ta wuce. Sani ya sake kira, muryarsa ta canza, ya ce yaran mota sun fara kiransa. Gumi ya jiƙa mini hula.

A nan ne na yi abin da ya fi rufe kwallar muni. Maimakon in ce ban sani ba, sai na juya kan matata. A ƙofar surukata, inda ko tari ban taɓa yi da ƙarfi ba, na ɗaga murya na ce, "Rabi, wa kika ba lambar sirri? Na san hali! Kin bi ƙawayenki kin rarraba musu, ga shi sun zuƙe komai, kin ja wa Inna!"

Wata mata ta mayar da wayarta cikin jaka a hankali. Rabi ta dube ni. (Lambar ma tana aljihuna a bayan kwalin ashana, ita ko ganinta ba ta taɓa yi ba.)

Sai Inna ta cire tabarau ta naɗe, ta ajiye a kan filo. Ta ce, ba da ni take ba, da bango take, "A bar shi haka nan. Allah bai nufa zan gan ta yau ba."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai Iya ta sa baki daga kan tabarmarta. Ta ce, "Wai ni kam, ina ɗan maraƙin na jiya? Ban ga ƙahonsa ba tun safe."

Ba yadda zan yi. Na nuna saman kabet da haɓa. Rabi ta tashi ta sauke samira ɗaya, ta sauke ta biyu, ta ɗaga murfin kwalla. Ga rauta nan kwance a kan ɗankwali, ta yi zafi, fitilarta ja wur.

Iya ta ce, "La'ilaha illallahu! Dafa ta za ka yi wa baƙi, ko tsimi ka jiƙa?"

Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Don kada sabis ɗin ya fita waje ne."

Ta ce, "To ai bai fita ba, ka yi nasara. Amma kai mai taki, ɗakin da ka toshe don kada a fita, ta ina za a shigo?"

Matan nan suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Waɗanda ke tsakar gida suka leƙo suna tambayar me aka yi, ana ba su labari a gabana.

Rabi ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta taka, ta sauke ƙwaryar nonon da ke cikin ragaya a jikin tagar sama, ta sa rautar a madadinta, ta miƙar mata da ƙahonni. Kafin ta sauko fitilu sun koma kore. Kafin ta zauna waya ta ɗauki ƙara.

Ga Hauwa, ta ɗaure kai, ta rame kaɗan. Ga jaririya a zani, jajir da ita, tana murtuke fuska. Inna ta lalubo tabarau ta sa. Hauwa ta ce, "Inna, sunanki ta ci." Inna ta sa yatsa tana shafa kumatun yarinyar a jikin gilashin, sannan ta rungume wayar gaba ɗaya a ƙirjinta, har muna jin Sani daga can yana cewa, "Inna, duhu muke gani!" Da ta ɗago, abin da ta fara tambaya shi ne, "Wa yake dama miki kunu? Ana sa kanwa sosai?" Sun yi kusan minti ashirin kafin a kira sallah Sani ya tashi. Da na ƙara rabin sa'a ina hura wa layi iska, shi ke nan.

Ni dai na sulale zaure. Aka aiko mini da waina na ce na ƙoshi.

Kada ku ɗauka daga nan na tuba. Kwana huɗu na yi ina cewa laifin takardar bayani ne, da aka rubuta ta da ƙananan baƙaƙe. Rabi ba ta fasa komai ba, abinci a kan lokaci, ruwan wanka a kan lokaci. Sunana kawai ta canza. "Injiniya, ga tuwo." "Injiniya, a dawo lafiya." Sunan da nake jin daɗinsa a shago ya koma mini kamar ƙaya a takalmi. A kwanakin nan na gane cewa wanda ya iya karanta lambobin gindin akwati bai kai wadda ta san tagar gidansu ba, kuma mutumin da bai iya cewa "ban sani ba" dole wata rana ya nemi wanda zai ɗora wa.

A rana ta biyar bayan la'asar na same ta tana tankaɗe. Na yi gyaran murya na ce, "Maman Walida, maganar ran nan, ki yi haƙuri."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace magana? Ai ban tuna ka faɗa mini komai a gidan nan ba. A Gwaram dai na ji wata."

Na fahimta. Ranar Juma'a muka sake hawa babur. Na cire takalmi a ƙofar Inna na durƙusa. Iya tana nan, maƙwabta biyu da suka ji zuwanmu su ma sun shigo, wai aron rariya. Rabi ta tsaya a bayana. Na gaishe da Inna, ta amsa tana kallon bango. Sannan na ce:

"Inna, na zo ne a kan abin da na faɗa ranar suna. Rabi ba ta ba kowa lamba ba, ba ta ma san ta ba. Ita ce ta gaya mini inda za a sa, na raina maganarta. Ni na rufe abin da hannuna, na kusa hana ki ganin jikarki, sannan na ɗora wa 'yarki a gaban mutane. Ki yafe mini. Rabi, a nan na ɓata miki, a nan nake roƙonki. Don Allah ki yafe mini."