Tadarishin Malam a Ɗakin Shanyar Bature

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da na gasa tadarishin Malam ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi yana bin bayana.

Mu dukawa ne a cikin birnin Sakkwato. Ban da gafaka da takalmi, abin da aka fi sanin gidanmu da shi shi ne tadarishi, wato bangon nan mai tauri da malamai ke sa littafi tsakani. Aikin ba wuya gare shi ba, jira gare shi. Za ka liƙa takarda bisa takarda da kunun garin alkama har ta yi kauri, ka lulluɓe da jar fatar akuya, ka ɗora dutse, ka bari a inuwa ta bushe a kan lokacinta. Ni kuwa jira ne ba a halicce ni da shi ba. Innata cewa take na ci ƙafar kare, kuma ban taɓa samun bakin musa mata ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa kantunan sayen fata ba, ni ma ina ɗan shekara ashirin da biyar, ina aiki a ɗaya daga cikinsu. Baturen kantin ya gina wani ɗakin kwano na busar da fatu saboda damina. A ciki akwai murhun ƙarfe, da bututu ya zagaye bango yana ɗauke da zafi, da ragar waya hawa-hawa inda ake shimfiɗa fatu, sai wata fanka mai hannu da ake murzawa ta kora iska mai ɗumi. Ni ne mai murza ta. (Ku ji fa, murza fanka kawai, amma a unguwa tafiya nake kamar ni na ƙera ɗakin.) Duk wanda ya tsaya da ni minti biyu sai ya ji labarin fatar da ke kwana bakwai a gida tana bushewa cikin yini guda.

Ana nan sai Malam, babban malamin unguwarmu, ya gama rubuta wani littafin fiƙihu da hannunsa, aikin shekara huɗu. Ya sa ranar walima, ya aiko a yi masa tadarishi. Babana kuma ciyawa ta kusa cinye masa gero a Mabera (lokacin nan gonaki ce zalla), dole ya tafi noma. Ya kira ni ya zaunar.

"Ka jiya? Kwana goma ag gare ka. Ka aza dutse, ka bas shi inuwa, kak ka ɗaga sai kwana bakwai sun cika. Tun zamanin kakanka gidan ga ka yi ma gidan Malam aiki. Kak ka zubar muna da mutunci."

Na ce, "Baba, an gama." A raina kuwa cewa nake, tsoho bai san zamani ya juya ba.

Kuskuren farko na takarda ne. Baba yakan bi gida-gida yana tsintar tsofaffin takardu, yana duba kowace ɗaya kada a samu sunan Allah a jiki. Ni ina na ga wannan haƙuri? Na kwaso tulin takardun talla da ake zubarwa bayan kanti, masu rubutun boko da hotuna. Na ga hotunan sarai. Na ce ai fata za ta rufe, wa zai gani?

Na liƙa, na lulluɓe, na ɗora dutse. Kafin azahar na ɗaga sau uku. Washegari na ɗaga kafin in yi kalaci. In fita in dawo, in zagaya dutsen, in zauna, in miƙe, in leƙa sama in ga hadari ya sake haɗowa, in yi tsaki. Ruwa kuwa kamar da gayya, kullum sai ya sauka. Duk ɗagawar da zan yi sai danshi ya shiga, aiki ya koma baya. Kwana tara suka wuce, na danna yatsa, abu yana lotsawa kamar ɗanyar gurasa. Gobe walima.

A nan dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya tashi kunyata shi. Da safe Bature ya hau doki ya tafi bariki, na ɓoye tadarishin cikin riga na kai ɗakin shanya. Na ɗora shi a ragar da ta fi kusa da bututu. Na cika murhu da itace fiye da yadda aka taɓa cikawa. Na kama fanka na yi ta murzawa kamar mai faɗa da ita, ina gumi, ina leƙawa, ina juyawa, ina ƙara wuta. Da rana ta take na ciro shi ya yi ƙarau, ya miƙe sambal, in ka ƙwanƙwasa har amo yake yi. Wallahi sai da na tausaya wa Baba da shekarun da ya ɓata yana gadin dutse.

Na naɗe shi da zafinsa cikin farin ƙyalle, na fito cikin yayyafi. Ban wuce gidan Malam kai tsaye ba. Sai da na biya kasuwa, na biya majema, na tsaya wajen abokai uku ina buga ƙunshin ina cewa yini guda, ku ji da kyau, rabin yini ma.

Bayan la'asar zauren Malam ya cika da manyan malamai, rawuna ko'ina. Baba ya iso daga gona kai tsaye, ko ƙafa bai gama wankewa ba, ya zauna daga gefe yana murmushi. Na durƙusa na miƙa ƙunshin. Tun a hannuna na ji kamar ya yi ƙusumbi, amma na ce wa zuciyata ƙyalle ne ya tattare.

Malam ya kwance. Abin da ya fito ba tadarishi ba ne, ƙwarya ce. Duka ɓangarorin biyu sun lanƙwashe, fatar ta takure ta ja gefuna sama.

Malam ya juya shi ya shinshina. "Wanga abu wuta yash sha?"

"Allah gahwarta Malam," na ce, "ɗakin shanyar Bature nis sa shi. Zai miƙe. A ɗan danna shi kaɗai."

Da na yi shiru, da abin ya tsaya nan. Malam mutum ne mai ɗaukar magana, ya aza tafin hannu ya danna. Sai ƙas! Fata ta tsage daga sama har ƙasa, kunun ya riga ya ƙone ya zama gari, takardu suka buɗe ɓawo-ɓawo kamar albasa. Ɗaya ta sulmiyo ta faɗi tsakiyar tabarma, fuska sama. Wata Baturiya ce, kafaɗu a waje, tana riƙe da sabulu, tana yi wa malaman Sakkwato murmushi.

Wani ya ce a'uzu billahi. Wani ya ja bakin rawani ya rufe ido, amma na lura bai rufe duka ba. Sai wani tsohon malami da idonsa ya yi rauni ya laluba ya ɗauka, ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, kana ya tambaya da iyakar gaskiyarsa:

"Wagga ɗiyaw wa ta? Mi yas sa ba a ba ta mayahi ba?"

Dariyar da aka danne ta fashe. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Amma dariyar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Baba ne ya taso, tsoho mai furfura, ya zo ya durƙusa kusa da ni.

"Allah gahwarta Malam, laihina na. Ni nib bar aikinku nit tahi gona."

Nan hawaye suka zo mini. Na san in Malam ya ce a kai aikin wani gida, abin da kakana ya gina ya rushe ke nan a hannuna, saboda fanka.

Malam ya daɗe yana jan gemu. Can ya ce, "Tashi, Baduku, kai ba ka yi laihi ba. Littahin ga ya yi shekara huɗu hannuna, kwana bakwai ba su kashe ni. Yaron ga shi sake wani. Amma nan cikin zauren ga za shi yi shi, ina kallo nai, kuma shi za shi tsaron dutsen."

Haka aka yi. Kwana bakwai ina zaune gaban dutse daga safe har magariba, ba ɗagawa, ba fita sai salla. Ƙafafuna suna ƙaiƙayi, ina jin ana hada-hada a waje kamar in yi tsuntsu. Duk malamin da ya shigo sai ya gaishe ni, ya ƙara da, "Ina gajiya? Ina baƙuwa?" A rana ta takwas aka ɗaga dutse, tadarishi ya fito miƙe, Baba ya shafa shi, ya miƙa wa Malam da kansa.

Aikin gidan Malam bai bar gidanmu ba, na gode Allah. Na kuma koyi cewa abin da aka ce ka bari ya bushe a inuwa, ka bar shi, domin in ka kai shi wuta asirinka ne zai bushe ya tsage. Sai dai mutanen garin nan ba sa yafe irin wannan da arha. Yau ga ni da jikoki, amma har yanzu in na miƙa wa malami sabon tadarishi, sai ya ƙwanƙwasa shi, ya kara a kunne, ya dube ni ya ce, "Ba kowa ciki dai ko?"