Yadda Ake Shigar da Ƙanwa Makarantar Sistoci Daga Layi na Biyar

Idan kana da ƙanwa mai kai, ta gama elemantare, kuma ta ƙwallafa rai a kan makarantar 'yan matan nan ta sistocin Katolika da ke Kano, gyara zama. Ni Gwadabe, mai fito a kogin Haɗeja, aji biyu na yi na ajiye allo, amma bana na shigar da ƙanwata Rahmatu ana saura gurbi ɗaya. Ka bi matakan nan a hankali, ba a gaggawa. Na yi maka alkawari za a ɗauke ta. Duk wanda ya gwada hanyar nan ya dace, kuma ni kaɗai na gwada.

Mataki na 1: Ka fara da kawu

Kowane gida akwai kawun da bai taɓa zuwa Kano ba amma ya san duk abin da ake yi a can. Namu Kawu Umara ne. Zai ce maka za a rataya wa yarinya gicciye, ta dawo tana cin tuwo da cokali.

Kada ka yi musu. Ka ce, "Gaskiyarka, Kawu." Ka bari sai ya gama, sannan ka tuna masa cewa ungozomar asibiti take so ta zama, kuma matarsa ce bara aka ɗauka a kwalekwale tana naƙuda ba a sami mace ko ɗaya da ta san allura ba. Zai ce ta tafi da buta da abin sallarta. Ka ɗauka ya yarda ke nan.

Mataki na 2: Ka riƙe gaisuwa

Mutumin kirki ba ya zuwa wajen manya hannu sake. Ka zaɓi bandar tarwaɗa masu kauri, ka ɗaure a tabarma, ka hau jirgin Nguru a tashar Malam Madori. Kafin ku kai Kano duk wanda ke taragon ya san daga ina kake.

Babbar Sista ba za ta karɓa ba. Za ta ce a nan ba a shiga da kyauta, sannan ta tashi ta buɗe taga. Kada ranka ya ɓaci. Masana sun ce gaisuwar da aka ƙi ta fi amfani, don a hanyar dawowa kai za ka ci.

Iyarmu ma ta biyo mu da ɗan ƙullin kifinta daban. Na ce ta haɗa da nawa, ta ce, "Kai ɗan nan, wannan da mai shi." Ban tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya.

Mataki na 3: Ka san layinka

A ƙofar ofis akwai takarda liƙe, an jera waɗanda ake fara ɗauka. Sa yarinyar ta karanta maka, ai abin da ya kawo ku ke nan.

Na ɗaya, 'ya'yan Katolika masu takardar baftisma daga Fada, limamin cocinsu. Na biyu, 'yan'uwan waɗanda ke cikin makarantar tun da. Na uku, 'ya'yan masu yi wa mishan aiki, kamar kuku da mai gadi. Na huɗu, sauran Kirista. Na biyar, kowa da kowa, idan an sami wuri.

Kowa da kowan nan, kai ne. Ka yi murna, don ba kullum ake rubuta mutumin fadama a ƙofar Turawa ba.

Mataki na 4: Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa

Za ka so ka ce ƙanwarka ita ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Faɗi, ba laifi. Sista za ta duba takardar, ta gyaɗa kai, ta ce cikin Hausarta mai tafiya a miƙe, "Yarinya tana da kyau ƙwarai a lissafi." Sannan ta nuna maka cewa ita ce ta ɗaya a layi na biyar.

Gurbi ɗaya ya rage, kuma a kan benci akwai wata yarinya ta layi na huɗu, zaune da ubanta da akwatin ƙarfe. Ko mai aji biyu ya san huɗu na gaban biyar.

Mataki na 5: Ka shirya shekarun haihuwa

Za a tambaye ka yaushe aka haife ta. Ni na ba da amsa tsaf: shekarar da ruwa ya cinye shinkafa har ya yanke hanyar jirgi. Sista ta ce wace shekara ce wannan. Na ce ai ita ce wadda ruwa ya yi yawa. Ta ce ba kowace shekara ruwa ke yawa a wajenmu ba? Na ce haka ne, amma wannan ya fi.

Ta ajiye alƙalami. In ka ga an ajiye alƙalami an yi maka murmushi, fara neman takalmanka. Rahmatu ba ta yi kuka ba. Ninke takardar jarrabawarta ta yi, ta sake ninkewa, har ta koma kamar laya.

Mataki na 6: Ka tafi da tsohuwa, kuma kada ka hana ta magana

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Mun miƙe ke nan, sai Iya ta ɗaga ƙullinta ta ce, "Ranki ya daɗe, kafin mu tafi a kira mini Filo in ba ta kifinta."

Sista ta ce, "Filomina, 'yar akawun jirgi? Mece ce ita a wajenki, Mama?"

"'Yata ce."

Ni kaina na manta. A shekarar ruwan nan, akawun tasharmu, mutumin Kudu, matarsa ta rasu ta bar jaririya, jirgin da zai kai ta wajen danginsu kuma ba ya tafiya. Iya tana goyon Rahmatu, ta je sayar da kifi ta ji kuka, ta shiga. Bayan yarinyar ta yi wayo aka yi wa akawun canji, amma labarin inda yarinyar take bai taɓa ɓace wa Iya ba, don kowane direban jirgi sai ta tare shi.

Ta ce, "Wata goma sha ɗaya ina shayar da su. Wannan a dama, waccan a hagu. Waccan ma ta fi ci."

Sista ta ce, "Amma a takarda ba 'yan'uwa ba ne."

Iya ta ce, "Takardar ce ta shayar da ita?"

Na so in taka mata ƙafa. Kai kada ka taka.

Aka kira Filomina, doguwa, cikin shuɗiyar riga. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kifin, ta dubi mai kifin, sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Iya, kin rame." Iya ta ce, "Ke ma ba sa ba ki abinci." Sista ta tambaye ta Rahmatu fa? Ta ce, "Ƙanwata ce, da sati uku. Babana ya ce ko ina na gan su in faɗi haka."

Sista ta fita ta karanta takardar ƙofa da kanta, ta daɗe a layi na biyu. Ta dawo ta ce lallai ba a rubuta ta wace hanya ake zama 'yan'uwa ba. Ta ciro takardar baftismar Filomina, ta ƙara sati uku, shekarun Rahmatu suka fito. Ta ɗauki alƙalami.

Mataki na 7: Ka koma baya shekara goma sha huɗu

Wannan ya kamata ya zo farko, amma ni ma a ƙarshe na gano shi. Ka tabbata mahaifiyarka ta ji kukan jaririyar baƙo, wadda ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, ta shiga ta ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta san akwai wata makaranta a gaba. In ta sani, ban gwada ba.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan bai dace ba, ba ruwan Gwadabe. Wataƙila a na bakwai ya makara. Wanda ya dace ma ba ruwana da abin da zai biyo baya. Ba ruwana idan Iya ta koma zama ita kaɗai a gindin banda, tana raba kifi ƙulli biyu duk wata. Ba ruwana idan wasiƙa ta zo daga Kano, wadda ta saba karanta muku wasiƙa kuma ita ce ta rubuto.

Yarinyar nan ta kan benci kuwa, ni na taya ubanta ɗaukar akwatin zuwa tasha. Na ba su bandar da aka ƙi. Uban ya yi godiya, ya tambaye ni ta yaya muka shiga. Har jirginsu ya tashi ina neman ta inda zan fara.