Akuyar Inna da Littafin Mai Girma Minista

Jama'a, ku taya ni murna, yau na yi suna a kasuwar Sara. Tun hantsi har la'asar ina zaune a gindin turke a kara, wajen da ake cinikin dabbobi, akuyar Inna na gefena, mutane na zuwa kallona suna cewa, "Wannan ne ɓarawon? Ai kuwa bai yi kama ba." Na gode wa masu wannan shaida. Wanda ya jawo mini ɗaukakar kuwa ba kowa ba ne illa Mai Girma Farfesa Minista, inuwar giginya na nesa ka sha sanyi, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada.

Bari in faro daga tushe, ba sauri nake ba.

Bara war haka muna jiran taki a Kiyako, sai ga mota ta tsaya ana sauke kwalaye. Mata suka rangaɗa guɗa. Da aka buɗe, sai littattafai. Wai rubuce-rubucen Mai Girma ne aka juya mana zuwa Hausa don mu san yadda ake arziki. Hapsatu mai ƙosai ta kwashi rabonta da na maƙwabta, ta ce ba ta taɓa ganin takardar da ke tsotse mai kamar wannan ba. Ni kuwa da na tsaya a aji shida na firamare, na ce ilimi kyauta ba a mayar da shi. Na ajiye kwali guda a zaure, kullum ina bi da yatsa.

Na farko ya rubuta shi yana malamin jami'a, ga hotonsa a bango siriri kamar sillen kara. Sunan littafin "Gwamnati Cire Hannunki". Na biyu ya fito bayan ya shiga jam'iyya, ya faɗi zaɓe, aka share masa hawaye da kujerar mai ba da shawara. Sunansa "Gwamnati Ɗan Sassauta Hannunki", kuma hoton ya fara kumatu. Na uku, na bayan ya zama minista, ban ga sunansa ba, don hoton ya cinye bangon duka. Na kai wa Malam Abdulsalami na Islamiyya, ya juya ya juya, ya ce, "Ɗan'azumi, wannan ai duk hotunan buɗe taro ne." Na ce to, Malam, ilimin ne ya yi yawa har ya fi ƙarfin rubutu.

Ni dai na farkon ne ya kama ni. Akwai babin da ya ce mai kaya da mai saye su haɗu ido da ido, kasuwa da kanta za ta yanke farashi, duk wanda ya tsaya a tsakani kaska ne. Ranar da na karanta wannan, ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

To, damina ta kawo kai. Inna ta ce, "Ɗan'azumi, kai jar akuyar nan Sara, ka ba Badamasi dillali ya sayar, mu samu takin gero. Bara ba mu sa ba, ka ga yadda rumbu ya tashi da wuri."

Na ce, "To, Inna." A zuciyata kuwa na ce, Badamasi kaska ne.

Sada ɗan acaba ya ce ba zai iya kai ni ba, yana layin mai a Birnin Kudu, kasuwa na can tana yanke farashi, ba ta gama ba tukuna. Muka hau bayan a-kori-kura, ni da akuya da littafi.

Ina shiga kara na wuce dillalai ko kallo, na tsaya a tsakiya, na buɗe murya: "Ga akuya! Ba dillali, ba la'ada!"

Kara ta yi tsit, har raguna suka daina kuka.

Ku 'yan birni ba ku sani ba, a kara dillali shi ne shaidar dabba, shi ya san gidan da ta fito. Wanda ya zo da dabba yana kewaye dillali, kowa ya san sunan da ake kiransa. Ni ma na sani fa. Amma da na ga Farfesa bai sa wannan a babin ba, sai na ɗauka an soke.

Wani dattijo mai sanda a kafaɗa ya matso ya ce, "Samari, ta wa ce?"

Na ce, "Baffa, yanzu ta kasuwa ce, ita za ta yanke."

Ya ce, "Af, ba ta da mai ita ke nan."

Kafin in haɗiye yawu 'yan sintiri sun kewaye ni. Na buɗe littafi na fara karanta musu a hankali. Babbansu ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Shi Ministan ya san akuyar nan?"

"Bai san ta ba."

"Ya san Innarka?"

"Bai san ta ba."

"To zauna nan, har wanda ya san su ya zo."

Wanda ya san su kuwa Badamasi ne, shi kuma ya tafi taro Gwaram. Sai la'asar ga shi da sabuwar hula da kati rataye a wuya. Ya gan ni, ya yi dariya har ya dafa turke. Ya ce, "Ku sake shi, akuyar Innarsa Hajiya Munawwara ce, ni na sayo mata uwarta. Yaron ba ɓarawo ba ne, karatu ne ya same shi."

Lokacin masu saye sun watse. Na ce, "Baba Badamasi, takin Inna fa?"

Ya nuna katin wuyansa. "Wa zai sayar maka dama? An naɗa ni wakilin wakilin babban wakilin kwamitin rabon taki na Mai Girma. Ba buhun da zai fito sai ta hannunmu."

Na ce, "Mai Girman da ya ce ku kaska ne?"

"A wane littafin?"

"Na farko."

Ya ce, "Ai lokacin bai samu saniya ba."

Na tambayi yaushe takin zai iso. Ya ce ana sa rai bayan girbi, in Allah ya yarda.

Na juya in nuna masa babin da idonsa, sai na tarar akuya ta riga mu. Ta cinye shi tas, tana kan gabatarwa.

A gida na zayyana wa Inna komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon akuya tana tuƙa, sannan ta ce, "Akwai sauran irinsa?"

Na ce, "Kwali guda."

Ta ce, "Zuba mata. Kullum ka share gindin turke ka kai gona."

Saboda haka masu cewa rubutun Mai Girma bai amfani manomi ba, su ji tsoron Allah. Geron Inna zai sha taki bana, kuma daga alƙalaminsa ya fito, ta hannun dillaliya guda ɗaya tak. Roƙona kawai, ranka ya daɗe, in za a sake bugawa a rage hotunan. Na ukun nan sheƙi ya yi masa yawa, ta shinshina ta kau da kai.