Jan Biron Tsohon Hedimasta

"Lafiya lau, tsoho, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina littattafan yarana?"

Malamar 'yan aji ɗaya ce, jiya ta mance littattafan ɗalibanta a falon kakanta, tsohon hedimasta. Ga su guda talatin jere kan tebur, jan biro a gefe. Tana buɗe na farko ranta ya ɓaci: duk inda ta zana tauraro da fensir, tsohon ya bi ya danƙara sifili kamar bakin kofi.

"Wa ya sa ka?"

"Taimakon ki na yi, amarya. Wannan rubutu ne ko kaji suka yi dambe?"

"Shekarunsu shida fa!"

"A zamanina ɗan shekara shida wasiƙa yake rubutawa. In na yi tari, aji uku ke shiru."

"Shi ya sa har yau Baba in zai sa hannu a takarda sai ya waiwaya. Ka ga aikinka!"

"Amma ya iya. Ke kuwa waƙa da tafi, sai ka ce gidan rawa."

Ta zaro wani littafi mai yagaggen bango. Na 'Yar Shiru ne, yarinyar da ta yi mako biyu ba ta leƙo makaranta ba saboda tsoro, sai da Malama ta bi ta gida da lallashi. Shekaranjiya ta fara rubuta baƙi uku, karkatattu.

"Dubi nan. Gobe in miƙa mata wannan ƙaton sifilin? Wallahi ba za ta sake dawowa ba, kuma a wuyanka!"

"Tsoro ai shi ke buɗe kai."

"To ni da me ka buɗe nawa? Wata uku kana riƙe da hannuna kana koya min rubutu a kan teburin nan, ina kuka kana ba ni alewa. Ina bulalar take lokacin, jarumi?"

Tsoho ya gyara tabarau, ya yi tarin da ba ya tsorata kowa yanzu.

"Ke daban. Wa ke dukan matarsa?"

"Na sake ka, saki uku! Miji ba haƙori, sai mugunta."

Ya karɓi littafin, ya daɗe yana duban baƙaƙen nan uku. Can ya ɗauki jan biron, ya ɗiga wa sifilin idanu biyu, ya ja masa baki mai murmushi, har da kunnuwa.

"Ya yi?"

"Saura ashirin da tara. Zauna daidai, kuma ban son surutu."

Ya tuntsire da dariya, ya jawo na biyu. "Kai, wannan malama akwai tsanani!"