Na Jira a Kira Ni a Gidan Gwanjo

Ni fa a kasuwar Maraɗi na koyi ciniki, kuma ko a unguwar Château Rouge ta Paris masu atamfa sun san ni. Saboda haka da maiɗakina Rabi ta ga hoton wata tsohuwar dardumar Farisa da za a yi gwanjonta a birnin Lyon, na ce mata ta share falo kawai.

Muka hau jirgin ƙasa daga Paris, ina yi mata lacca a hanya. "Sirrin ciniki ɗaya ne, kada mai kaya ya ga kana so."

A gidan gwanjon aka ɗaga dardumar, na taya sau biyu. Wata tsohuwar Baturiya ta ƙara. Sai na yi abin da bai taɓa ba ni kunya ba: na yi tsaki, na kaɗe babbar riga, na nufi ƙofa a hankali, ina jiran mai gwanjo ya ce, "Malam, dawo, kawo kuɗin."

Har rage tafiya na yi, don kada ya sha wahalar kirana. Abin da na ji sai ƙarar gudumar mai gwanjo, an sallama wa Baturiyar.

Rabi ta yi dariya har da hawaye. Don kada mu koma hannu wofi, ita ta taya wata kujerar ƙauye mai mazaunin ciyawa, ta samu.

Kujerar tana bakin ƙofarmu, kuma an ce za a sake gwanjo da bazara. Amma kullum zan fita aiki sai Rabi ta nuna ta.

"Malam, zauna ka huta. Yanzu za su kira ka."