Na'ura Ba Ta Da Suruki

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar wata Talata ce, da misalin ƙarfe tara na safe, a ɗakin jira na wani asibitin ido mai zaman kansa a nan Azare. Waɗanda suka halarta: ni, da surukina Alhaji, da wani tsohon amininsa Malam Bukar, da marasa lafiya cike da bencuna, sai kuma muryata, wadda ta riga ni zuwa wurin da watanni.

Bari in yi bayanin wannan ta ƙarshe. Aikina karanta labarai a gidan rediyo. Lokacin da asibitin ya sayo na'urar tsara layi, irin wadda za ka danna ta tofo maka 'yar takarda mai lamba, ka zauna kana kallon allo har a kira ka, sai aka ga muryar da ta zo da ita Turanci take yi, Turancin ma ta hanci. Tsofaffi na zaune, lambarsu na wucewa. Aka nemi wanda zai yi mata Hausa, aka zo wurina. Na shiga situdiyo na karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, na karanta "a je taga ta ɗaya", "a je taga ta biyu". Daga ƙarshe na karanta wata sanarwa da na'urar ke saki da kanta duk lokacin da aka nuna mata takardar da lokacinta ya wuce. Rubutun da suka ba ni gajere ne, ba gishiri. Ni kuwa, da iyayi, sai na ƙara masa jimla ɗaya daga kaina. (A riƙe wannan, za mu dawo kanta.)

Ban tsaya nan ba. A shirina na safe na daɗe ina zolayar masu tsohuwar ɗabi'a: masu ajiye takalmi ko dutse a layi su tafi shan koko, da masu zuwa taga suna raɗa cewa wane ne ya aiko su. Na shaida wa jama'a cewa zamanin alfarma ya wuce. Abin da ban shaida musu ba shi ne, ni kaina ban taɓa tsayawa gaban na'urar ba. Na san ta ne yadda mai karanta hasashen yanayi ya san ruwan sama, daga cikin ɗaki.

To, surukina Bafillace ne na wajen Shira, mutum mai tsimin magana. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Likitan da ke duba masu irin wannan lalura sau ɗaya yake zuwa daga Kano a wata, kuma akwai iyakar mutanen da yake gani a yini. Da sun cika, na'ura ta daina ba da takarda. Burin Alhaji a duba shi a wannan zuwan, ya shiga sahun waɗanda za a yi wa aiki kafin azumi, domin ya kai ba ya iya karanta Alƙur'aninsa, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan tuntuɓen da yake yi a ƙofar masallaci.

Mai ɗakina ta ce za ta raka shi. Na ce ta yi zamanta.

"Wurin da muryata ke ba da umarni, ke ce za ki kai Baba?"

Ta dube ni, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Keke ya sauke mu a bakin asibitin. Na zaunar da Alhaji, na gyara hula, na doshi na'urar kamar mai zuwa yanke ƙyallen buɗe sabon gini. Na danna. Ta tofo lamba goma sha bakwai. Allon bango kuma yana nuna goma sha ɗaya. Na dawo ke nan lasifika ta yi ƙara, muryata ta cika ɗakin: "Lamba goma sha biyu, a je taga ta biyu."

Alhaji ya juyo inda nake. "Malam, rage murya. Cikin mutane muke."

Na yi masa bayani cewa ba ni ba ne, wato ni ne, amma a cikin na'ura. Ya ce, "To. Ashe har a bango ma kana magana." (Na ɗauki wannan a matsayin yabo. A lokacin komai yabo ne a wurina.)

Muna nan sai ga wani dattijo ya shigo, fuska da zane, hula ta karkace, yana kare ido ɗaya da tafin hannu. Malam Bukar ke nan, Babarbare mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, wanda suka yi ƙuruciya da Alhaji. Ya ji tarin Alhaji kawai ya tsaya.

"Wa nake ji kamar bawana na Shira?"

"Babarbare! Wa ya bar maka ƙofa a buɗe?"

"Idon ya mutu ne, Bafillace?"

"Gajiya ya yi da ganin irinku."

Na durƙusa na kwashi gaisuwa. Malam Bukar ya zauna yana ƙorafi: ya bar rumfa ba kowa, kuliyoyin kasuwa sun san lokacin da ba ya nan, ga wannan abu na zamani ya hana mutum sanin wa ke gabansa, wa ke bayansa. Yana magana yana kaɗa 'yar takardarsa.

A nan ne na yi lissafin da ya kashe ni. Na ce a raina, ya shigo bayanmu, saboda haka lambarsa na bayan tamu da kaɗan. A layin da na tashi na sani, idan ka yi wa babba kara ka ce ya shiga gabanka, taku ɗaya ka yi asara, ka samu albarka mai yawa. Ga surukina zaune yana ji. Wace dama ta fi wannan?

"Baba Bukar," na ce, da muryar labaran ƙarfe bakwai, "ai ba ka jira ba muna nan. Karɓi tamu, mu ma riƙe taka."

Ya dube ni da idonsa mai lafiya, ya daɗe. "Ka tabbata, yaro?"

"Haba, Baba."

"Bafillace, ka ji abin da surukinka ya ce?"

"Ba shi," in ji Alhaji. "Ya je a gyara masa, ko ya daina gaishe da turakun rumfa."

Kuma Alhaji ya yi murmushi. Tunda na auri 'yarsa ban cika ganin wannan murmushin ba. Na miƙa goma sha bakwai da hannu biyu, na karɓi tasa da hannu biyu, na zura a aljihu ban duba ba. Ai ba a duba abin da babba ya miƙo maka a gaban idonsa, ko da idon ɗaya ne. (Ku lura kuma: layin da na yi kyauta da shi ba nawa ba ne. Idona ƙalau yake.)

Muryata ta kira goma sha bakwai. Malam Bukar ya miƙe da saurin da ban zata yana da shi ba, ya shige. Da aka kira goma sha takwas sai na ce bari in shirya. Na ciro takardar.

Huɗu.

Na juya ta, na sake juyawa, ko akwai wata lamba da ta ɓuya a baya. Huɗu ce, ita kaɗai, kamar marainiya. Daga baya na samu cikakken rahoto: Malam Bukar ya zo tun ana buɗe ƙofa, ya ciri takarda, ya tafi buɗe rumfa, kamar yadda ya saba ajiye takalmi a da. An kira huɗu tun muna gida muna karyawa.

Na tashi a hankali, kamar mai zuwa kama ruwa, na koma gaban na'urar. Na danna. Shiru. Na sake dannawa. Fuskarta ta rubuta mini cewa adadin yau ya cika.

"Malam," Alhaji ya kira daga benci, "saura nawa?"

"Kaɗan, Baba."

Sai na aikata abin da na daɗe ina yi wa mutane dariya a kansa. Na lallaɓa zuwa taga ta ɗaya, na sunkuya, na rage murya.

"Sista, barka da aiki. Ni ne fa. Mai muryar."

"Na gane ka, Malam. Ai tun safe muke tare."

"Wata 'yar tangarɗa ce aka samu. Dattijo ne, daga Shira, surukina ne. Ko za a duba..."

"Kawo takardar mu gani."

Na miƙa. Ta kai ta ƙarƙashin wata 'yar jar fitila da ke karanta lamba. A daidai lokacin na tuna abin da zai biyo baya, tunda ni na karanta shi. Na kai hannu, amma ina!

Lasifika ta yi ƙara. Muryata ta fito a natse, kowane harafi a mazauninsa:

"Jama'a, a saurara. Lambar da aka kira ba a amsa ba, ta wuce. Babu alfarma, babu sanayya."

Sai ɗan tsayawa. (Na tuna yadda na yi alfahari da wannan tsayawar a situdiyo.)

"Na'ura ba ta da suruki."

"Sista, kashe ta!" Na faɗa da ƙarfi. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, domin da ainihin muryar da ta gama magana na faɗa. Ɗakin ido ne, ba kowa ke gani sosai ba, amma kowa na ji.

"La'ilaha illallahu!" wata mata ta ce. "Shi ne! Wallahi shi ne na rediyo!"

Wani mai bandeji a ido ya ɗago kai. "Malam, ba kai ka ce mana zamanin alfarma ya wuce ba? Da kunnena na ji, ina shan koko."

"Ku ajiye masa takalmi mana!" wani ya cafe daga baya.

Dariya ta ɓarke. Har wanda aka ɗiga wa magani aka ce kada ya motsa, kafaɗunsa rawa suke. Sista ta turo mini huɗuta ta ƙasan gilashi. "Ka yi haƙuri, Malam. Ba ni ba ce. Kai ne."

Na juyo. Alhaji yana zaune, haɓarsa a kan sanda.

"Malam. Me ta ce?"

"Baba, wata sanarwa ce ta..."

"Na ji ta. Kunnena lafiya, ido na kawo. Cewa ta yi ba ta da suruki?"

"Haka ta ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ta huta."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban nemi takarda ba.

Ana cikin haka Malam Bukar ya fito, ido na hawayen magani, baki har kunne. An sa shi cikin waɗanda za a yi wa aiki.

"Baba Bukar, ka san huɗu ta wuce?"

"Yo ba na ji ana kiran sha biyar ba? Ni da na shigo in huta in koma kasuwa. Ai na tambaye ka, na ce ka tabbata? Na ce a raina, wannan yaro da ke karanta mana labaran duniya ya fi ni sanin abin da yake yi." Ya dafa kafaɗar Alhaji. "Kuma abin Bafillace halal ne ga Babarbare, tun kaka da kakanni."

"Ba laifinka ba ne," in ji Alhaji. "Laifin wanda ya ba kura ajiyar nama ne."

Muka hau keke zuwa tasha. Na sa shi a motar Shira, ya ce in gaida gida. A gida kuwa mai ɗakina ta saurari rahoton har ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi: "Muryar taka ba ta gane ka ba ne?"

Darasin da na ɗauka biyu ne. Kara tana nan, ba ta mutu ba, amma a layin na'ura ka duba takardar tukuna, ko da ta Limamin Juma'a ce. Na biyu, duk mai naɗar muryarsa yana yi wa jama'a faɗa, ya tuna cewa wata rana zai shiga cikin jama'ar, kuma muryar ba za ta rage masa komai ba.

Da wata ya zagayo, mai ɗakina ce ta raka Alhaji. Ta ƙulle takardar a bakin mayafinta, ba ta gaisa da kowa ba sai da aka kira su. An duba shi, amma aikin bai samu ba sai bayan Salla. Azumin nan na sayi ƙaramar rediyo mai katin karatun Alƙur'ani na kai masa har Shira. Ya shafa ta, ya ce, "Ba dai muryarka ce a ciki ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Malam Bukar ya aiko mana da kifi.

Na koma asibitin na roƙi a cire jimlar ƙarshe daga sanarwar. Suka ce ita ce mutane suka fi jin tsoro. Har yau tana nan.